Cire Cikon Haƙori na Amalgam

Amalgam shi ne cikon nan mai ruwan toka da likitoci suka fi shekara 150 suna toshe kogon haƙori da shi. Hausawan Makka da Jidda sukan ce masa hashwa, yadda Larabawa ke faɗa, wasu su ce hashwar azurfa. Sunan na ruɗarwa, don kusan rabinsa zaiba ce, saura kuwa azurfa da kuza da jan ƙarfe. Ba shi da haɗi da haƙorin Makka na alhazai: wancan kwalliya ce, wannan magani.

Zaibar ce ta jawo ce-ce-ku-ce, domin ɗan tururinta yakan fita idan ana tauna ko ana goge baki. Tun 1926 wani Bajamushe masanin sinadarai, Alfred Stock, ya yi gargaɗi a kai. Amma wanda ya fi kururuta zancen shi ne Hal Huggins, likitan haƙori a jihar Kolorado ta Amurka, wanda ya ɗora wa cikon alhakin cututtukan jijiya da yawan kasala, yana cire wa mutane da sunan waraka. Shirin talabijin na 60 Minutes ya ƙara wa wutar fetur a 1990. A 1996 aka ƙwace lasisin Huggins.

Bincike bai gaskata shi ba. A 2006 an fitar da sakamakon gwaji biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Fotugal, kan yara fiye da 1,000, kuma ba a ga bambancin kaifin ƙwaƙwalwa tsakanin masu amalgam da masu farin ciko ba. Abin da masu tallar cirewa ba su cika faɗa ba shi ne, lokacin da injin likita ke gurzar cikon ne tururin ya fi tashi, ga shi sai an ci wani ɓangare na lafiyayyen haƙori. Shi ya sa a 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, duk da ta shawarci masu juna biyu da ƙananan yara da masu ciwon ƙoda su guji sa sabo, ta ce kada a taɓa tsohon da ke zaune lafiya. Wanda ya tsage, ko ruɓa ta shiga ƙarƙashinsa, ko jiki ya ƙi shi, wannan kam a canza.

Saudiyya na cikin ƙasashen Yarjejeniyar Minamata ta 2013, mai neman rage zaiba saboda gurɓata ruwa da ƙasa. Tarayyar Turai ta hana sa sabon amalgam daga Janairun 2025, ba tare da ta umarci kowa ya cire na bakinsa ba.