Kenneth Cooper, likitan da ya koya wa duniya auna ƙarfin numfashi da gudun minti 12: tambayoyi da amsoshi

Wane ne Kenneth Cooper?

Likita ne ɗan Amurka, an haife shi ranar 4 ga Maris, 1931, a birnin Oklahoma. A jami'ar jihar ya karanta likitanci, daga baya ya ƙaro digiri kan kiwon lafiyar jama'a a Harvard. Ya yi shekara 13 yana aikin likita a soja, akasari a rundunar sojan sama, inda ya kai muƙamin laftanar kanar. Littafinsa mai suna Aerobics, wanda ya fito a 1968, shi ne ya sa kalmar erobik, wato motsa jiki mai ƙara ƙarfin numfashi, ta shiga bakin jama'a. A 1970 ya ajiye kaki ya buɗe asibiti da cibiyar bincike a Dallas ta jihar Texas.

Me ya kai likitan soja ga rubutu kan motsa jiki?

Jikinsa ne ya fara yi masa gargaɗi. Yana ɗalibin sakandare gwanin gudu ne, amma karatun likitanci da zaman asibiti suka raba shi da fili, nauyinsa ya tashi daga kimanin kilo 76 zuwa 92. Yana da shekara 29, wata rana yana wasan zamiya a kan ruwa sai zuciyarsa ta kama bugawa ba ƙaƙƙautawa, har ya ɗauka ciwon zuciya ne ya kama shi. Da aka duba shi, ba a sami cuta ba. Jikin ne kawai ya yi sanyi saboda rashin aiki. Ya koma gudu, ya rage ƙiba, har ya shiga gasar gudun fanfalaki ta Boston.

Aikinsa ma ya tura shi. A sansanin Lackland da ke San Antonio yana da dubban sojoji a hannu, kuma rundunar na neman hanyar sanin wane ne jikinsa zai jure wahala, wane ne zai gaza. A lokacin likitoci da yawa suna ganin gudu haɗari ne ga wanda ya haura shekara 40, don haka abin da Cooper ya zo da shi bai samu karɓuwa nan take a wajen abokan aikinsa ba.

Mene ne ainihin saƙon littafin na 1968?

Ma'aunin lafiyar jiki a wajensa ba girman damtse ba ne. Abin dubawa shi ne yawan iskar oksijin da huhu zai iya zuƙa, zuciya ta tura, tsoka ta yi amfani da ita cikin minti ɗaya. Ayyukan da ke ƙara wannan ƙarfi su ne waɗanda ake daɗewa ana yi ba tare da tsayawa ba: gudu, ninƙaya, tuƙa keke, tafiya da sauri.

Abin da ya bambanta shi da masu wa'azin motsa jiki na zamaninsa shi ne lissafi. Ya ba kowane aiki maki gwargwadon nisa da lokaci. Misali, gudun mil ɗaya, wato mita 1,609, cikin ɗan ƙasa da minti 8 yana ba da maki 5, kuma abin da ake nema ga namiji shi ne maki 30 a mako. Ka ga ke nan mutum ba zai yaudari kansa da cewa ai ya ɗan motsa ba. Ko makin ya cika, ko bai cika ba. A ganinmu wannan shi ne babban alherin da ya yi wa fannin: ya mayar da nasiha ta zama abin da ake aunawa.

Yaya ake yin gwajin minti 12?

Asalin hanyar auna ƙarfin numfashi ita ce a ɗora mutum a kan injin gudu, a rufe masa baki da hanci da bututu, a auna iskar da yake fitarwa. Wannan na buƙatar na'ura mai tsada da ma'aikata. Cooper ya gwada sojoji 115 ta hanyoyin biyu, a injin da kuma a fili, ya ga nisan da mutum ke ci cikin minti 12 ya yi daidai ƙwarai da sakamakon na'ura. Mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga wannan bincike a 1968.

Ana buƙatar fili shimfiɗaɗɗe wanda aka san tsawonsa. Da'irar tsere ta filin wasa ta fi, domin zagaye ɗaya a layin ciki mita 400 ne. Idan babu, filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin 68 zagayensa mita 346 ne, amma sai an auna da awo, don filayen unguwa ba su cika kai wannan ba. A fara da ɗumama jiki na minti 10 da sassarfa. Sannan mai riƙe agogo ya ba da alama, a yi ta gudu har minti 12 su cika, yana ƙirga zagaye yana faɗin lokacin da ya rage. An yarda a yi tafiya idan numfashi ya ƙare, sai dai nisan zai ragu. Da lokaci ya cika a sa alama a inda ƙafa ta tsaya, a ci gaba da tafiya a hankali na minti 5. Tsayawa cak ko zama nan take na sa jini ya taru a ƙafafu, jiri ya ɗebi mutum.

A jadawalin farko na Cooper, wanda bai kai kilomita 1.6 ba yana rukunin ƙarshe. Daga 1.6 zuwa 2.0 rauni ne, daga 2.0 zuwa 2.4 matsakaici, daga 2.4 zuwa 2.8 mai kyau, sama da haka kuwa gwani. Da matasan sojoji maza aka yi wannan ma'auni, shi ya sa daga baya aka fitar da jadawali daban na mata da na kowane rukunin shekaru. Mai son lissafi zai cire 504.9 daga mitocin da ya ci, ya raba saura da 44.73. Wanda ya ci mita 2,400 zai samu kusan 42, wato mililita 42 na oksijin ga kowane kilo na jikinsa a minti ɗaya.

Ina ake samun kuskure?

Mafi yawa a minti uku na farko. Mutum ya fita da gudun tsere, kafin rabin lokaci ƙafafu sun yi nauyi, sai ya ƙarasa da tafiya. Sakamakon zai nuna ƙasa da ƙarfinsa na gaskiya. Mai neman mita 2,400 ya riƙe minti 2 a kowane zagaye tun daga farko, idan da saura ya ƙara wuta a ƙarshe. Zafin rana, iska mai ƙarfi, yashi da cikakken ciki duk suna rage nisa, don haka idan za a kwatanta gwajin yau da na bayan mako shida, a yi su a fili ɗaya, lokaci ɗaya, gara da sassafe.

Kuskure mafi haɗari kuwa shi ne wanda ya shekara bai motsa ba ya fara da gwajin. Wannan gudu ne na ƙure ƙarfi. Irin wannan mutum ya fara da makonni shida na tafiya da sassarfa tukuna. Mai hawan jini, mai ciwon suga, wanda ake ciwon zuciya a danginsu, ko wanda ya taɓa jin nauyi a ƙirji yayin aiki, ya ga likita kafin komai.

Me ya haɗa sunansa da ƙwallon Birazil?

Cláudio Coutinho, hafsan soja da ke cikin masu horar da jikin 'yan wasan Birazil, ya ɗauki tsarin Cooper ya yi amfani da shi wajen shirya tawagar gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko, inda ake wasa cikin zafi kuma a kan tudu mai ƙarancin iska. Birazil ta doke Italiya 4 da 1 a wasan ƙarshe. Daga nan sunan likitan ya zama kalma a ƙasar, ana kiran gudun motsa jiki da "cooper". Alƙalan wasa na FIFA ma sun yi shekaru ana tantance su da gudun minti 12.

Ba a taɓa cewa gudun ne ke kashe mutane ba?

An faɗa, musamman a 1984. A watan Yulin shekarar Jim Fixx, wani fitaccen marubuci kan gudu, ya faɗi ya mutu yana cikin gudu a jihar Vermont yana da shekara 52. Binciken gawa ya nuna manyan jijiyoyin zuciyarsa uku sun toshe sosai. Mahaifinsa ya rasu da ciwon zuciya yana da shekara 43, shi kuma ya daɗe yana shan taba da ƙiba kafin ya fara gudu. Cooper ya rubuta littafi a 1985 don amsa wannan tsoro, ya kuma fito ƙarara ya ce gudu ba ya ba kowa kariya ɗari bisa ɗari. Ya riƙa faɗin cewa wanda ke wuce mil 15 a mako, kimanin kilomita 24, wani abu yake nema ba lafiya kaɗai ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito daga cibiyarsa a 1989, a binciken da Steven Blair ya jagoranta. An bi mutum 13,344 na kimanin shekara 8 bayan an auna su a injin gudu, aka raba su rukuni biyar. Mutuwa ta fi yawa a rukunin da ya fi rauni, kuma babbar riba tana tsakanin wannan rukuni da wanda ke bi masa. Tafiya da sauri ta rabin awa a yawancin ranakun mako ta isa ta fitar da mutum daga rukunin ƙarshe.

Duk abin da ya rubuta ya tabbata?

A'a. A 1994 ya fitar da littafi yana ƙarfafa shan ƙwayoyin bitamin C da E da sinadarin beta karotin don kariya daga cututtuka. Manyan gwaje-gwaje ba su goyi bayan wannan ba. Biyu daga cikinsu, ɗaya a Finland a 1994 ɗaya a Amurka a 1996, sun ma gano cewa ƙwayar beta karotin ta ƙara yawan sankarar huhu a tsakanin masu shan taba. Tsarin makin ma an daina amfani da shi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya yanzu da mintoci take lissafi: 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga baligi, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, ɓangaren da littafin 1968 bai ba shi muhimmanci ba.