Wa ke da iko da kan dutse? Tambayoyi da amsoshi kan rufe hanyar hawa Uluru da Wollumbin

A Ostireliya an daɗe ana cacar baki kan duwatsun da hukumomin gandun daji suka hana hawa. Wasu na cewa an kare hurumin 'yan asalin ƙasa, wasu na cewa an ƙwace wa jama'a abin da yake nasu. Duwatsu biyu ne suka fi jawo surutu: Uluru da Wollumbin.

Me aka rufe, kuma yaushe?

Uluru wani mulmulallen jan dutse ne a tsakiyar hamadar ƙasar, a yankin Northern Territory. Tsayinsa mita 348 daga gindi, kuma daga garin Alice Springs tafiyar kimanin kilomita 450 ce a mota. Turawa sun raɗa masa suna Ayers Rock a 1873. Ranar 1 ga Nuwamba 2017 kwamitin da ke gudanar da gandun Uluru-Kata Tjuta ya amince baki ɗaya a daina hawa, haramcin kuma ya fara aiki ranar 26 ga Oktoba 2019.

Gandun kansa yana nan a buɗe. Baƙo na iya zagaya gindin dutsen da ƙafa, tafiyar kusan kilomita 10, ya ga kogwannin dutse masu zane-zanen mutanen da, ya tsaya a bakin tafkuna. Hanyar zuwa ƙololuwa kaɗai aka toshe.

Ba gandun ƙasa ba ne? Ta yaya wasu za su hana sauran 'yan ƙasa?

Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Tun ranar 26 ga Oktoba 1985 gwamnatin tarayya ta miƙa takardar mallakar ƙasar ga mutanen Anangu, masu magana da harsunan Pitjantjatjara da Yankunytjatjara, waɗanda kakanninsu suka zauna a yankin dubban shekaru kafin zuwan Bature. Su kuma suka ba hukumar gandun daji hayar wurin na shekara 99, bisa sharaɗin a riƙa gudanar da shi tare, kuma su ne masu rinjaye a kwamitin. Ke nan gwamnati 'yar haya ce. Wanda ya karɓi hayar gida yana shiga yana fita, yana kawo baƙinsa, amma idan an rubuta a yarjejeniya cewa mai gida na da ta cewa kan wani ɗaki, to yana da ita. Ranar da aka zaɓa don rufewar ma ba a banza aka zaɓe ta ba: ranar ce aka cika shekara 34 da mayar musu da ƙasar.

Me ya sa Anangu ba sa son a hau?

Dalilin farko na aƙida ne. Suna da tsarin doka da tarihin halitta da suke kira Tjukurpa, kuma a cikinsa hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi a da ita ce wadda magabatansu da ake kira Mala suka bi don wani bikin al'ada. Ba hanyar kowa da kowa ba ce. Sammy Wilson, wanda ke shugabantar kwamitin a 2017, ya ce wurin na da matuƙar daraja, ba filin wasa ba ne irin Disneyland.

Na biyu rai ne. Hawan ya fi yadda ake gani a hoto wuya. Dutsen sumul yake, babu bishiya, babu inuwa, ga iska mai ture mutum. A 1964 aka kafa sarƙa a wurin da ya fi tsauri, aka ƙara tsawonta a 1976. Kafin a kai ga sarƙar akwai wani ɗan tudu da ake wa laƙabi da Chicken Rock, inda mutane kan ɗaga kai su ga abin da ya rage, gwiwarsu ta yi sanyi, su sauko a zaune suna jan gindi. Sama da mutum 35 sun rasu a kan dutsen, da yawansu bugun zuciya ne ya kashe su. A al'adar Anangu, baƙon da ya mutu a ƙasarka alhakinsa na wuyanka, don haka duk mutuwar da aka yi su ma makoki ne a wurinsu.

Na uku ba shi da daɗin faɗa. Babu ban-ɗaki a saman dutsen, kuma hawa da sauka na cin awanni. Abin da mutane suka bari a can, ruwan sama ke wanko shi zuwa tafkunan da dabbobi ke sha. Takalman masu hawa kuma sun goge jan dutsen har sun bar wani farin tabo da ake hangowa daga nesa.

In haka ne, me ya sa aka jira shekara 34?

Saboda sun fara da roƙo. Shekara da shekaru akwai allo a gindin dutsen mai cewa su ba sa hawa, suna kuma roƙon baƙo kada ya hau, amma ƙofa a buɗe take. Sai tsarin gudanarwa na 2010 zuwa 2020 ya gindaya sharuɗɗan rufewa a rubuce. Ɗaya daga ciki shi ne idan masu hawa suka koma ƙasa da kashi 20 cikin 100 na baƙi. A shekarun 1990 kusan kashi 74 ke hawa. Zuwa 2015 sun dawo kusan kashi 16. Bayan yanke shawarar kuma aka ba kamfanonin yawon buɗe ido wa'adin shekara biyu su shirya.

Wa'adin ya zo da nasa ciwon kai. A watannin ƙarshe na 2019 mutane suka yi ta tururuwa don kada a yi ba su, layi ya miƙe daga gindi har sama, masaukai suka cika, wasu suka kafa tanti a gefen titi.

Masu adawa fa, ba su da hujja ko kaɗan?

Suna da ita, kuma ba daidai ba ne a yi musu kuɗin goro a ce duk 'yan wariya ne. Suna cewa da harajin kowa ake kula da gandun daji, cewa aƙidar wani ba ta kamata ta zama doka a kan wanda bai yi imani da ita ba, kuma idan haɗari ne dalili to a gyara hanya, a sa ƙa'ida, ba a rufe ba. Sanata Pauline Hanson ta kamanta abin da rufe gaɓar tekun Bondi ta Sidni. (A Agustan 2019 ta je ta gwada hawan da kanta gaban kyamara, ba ta yi nisa ba ta maƙale.)

A ganina hujjar haɗari ita ce mafi rauni a ɓangaren masu rufewa, domin akwai duwatsu masu kisa a duniya da ba a rufe ba. Amma hujjar "namu ne duka" ba ta tsayawa a Uluru, tunda takardar mallaka na hannun Anangu.

To Wollumbin me ya bambanta shi?

Yadda aka rufe shi. Wollumbin, wanda Kyaftin Cook ya sa wa suna Mount Warning a 1770, ragowar wani tsohon dutse mai aman wuta ne a arewacin jihar New South Wales, kusa da garin Murwillumbah, tsayinsa ya haura mita 1,150. Kafin a rufe hanyar, sama da mutum 100,000 ke hawansa a shekara. Da yawa kan tashi tun cikin dare da tocila, su ratsa daji, su kama sarƙa a gangaren ƙarshe, don fitowar rana ta same su a sama. A 2014 aka ayyana ɓangaren saman dutsen a matsayin hurumin 'yan asalin ƙasa, domin a wajen mutanen Bundjalung wuri ne mai tsarki da ba kowa ke zuwa ba.

A Maris 2020 aka rufe hanyar da sunan korona. Daga nan aka ce sarƙar ta lalace, aka cire ta. Aka yi ta ƙara wa'adi, har a 2022 tsarin kula da hurumin ya fito da shawarar a rufe hanyar gaba ɗaya. Masu masaukai da shagunan shayi na kwarin Tweed inda dutsen yake, waɗanda cinikinsu ya dogara da masu hawa, suka ga kamar an yi musu shigo-shigo ba zurfi: an ce na ɗan lokaci ne, ya zama na shekaru. Ko da dalilin na gaskiya ne, wanda aka ba dalili uku daban-daban da wuya ya sake yarda.

Akwai kuma saɓani a cikin gida. Wasu daga dangin Ngarakwal sun fito sun ce su ne masu dutsen na asali, ba a saurare su ba, kuma ba su da matsala da hawa. A Uluru doka ta fayyace masu ƙasa da kwamitin da ke magana da yawunsu. A Wollumbin tambayar wa ke wakiltar wa ita kanta rigima ce, shi ya sa ƙurar ta daɗe ba ta lafa ba, har wasu suka riƙa hawa da gangan don nuna ƙin amincewa.

Ba wata hanya tsakanin buɗewa da rufewa?

Akwai. A gandun Ikara-Flinders Ranges na jihar South Australia, mutanen Adnyamathanha na roƙon masu tafiya su tsaya a wani sirdin dutse da ake kira Tanderra Saddle, kada su ƙarasa kan St Mary Peak. Roƙo ne aka rubuta a allo da takardun gandun, aka bar wa mutum ya yanke wa kansa. A wasu ƙasashe kuma ana taƙaita yawan masu hawa da takardar izini, ko a wajabta tafiya da ɗan jagora. Irin wannan na maganin cunkoso da ƙazanta da haɗari. Ba ya warware matsalar wurin da masu shi suka ce taka shi ɗin ne laifin, ko mutum ɗaya ne ya taka.