Waiwaye: Me ya sa tamoksifen ke yi wa wata aiki, wata kuma shiru?

Duk watan Oktoba, lokacin wayar da kai kan sankarar mama, muhawarar nan sai ta dawo sabuwa. Wata ta ce yayarta ta sha tamoksifen shekara biyar, yau ga ta tana aurar da 'ya'ya. Wata ta ce tata ta sha babu fashi, ciwon ko gezau. Daga nan sai zargi: ko maganin jabu ne, ko likitoci lalube suke yi. Alhali tambayar ta girmi kakanninmu.

A 1895 wani likitan fiɗa a Gilasgo ta Birtaniya, George Beatson, ya cire wa mai sankarar mama ma'ajiyar ƙwanta, sai ƙarin ya motse. Wasu suka bi sahunsa, amma kusan mace ɗaya cikin uku ce kaɗai ke samun sauƙi. Ko da aka tace estirojin, sinadarin da ma'ajiyar ƙwai ke samarwa, a 1929, ba a gane me ya bambanta ɗayar nan da sauran biyun ba.

Inda labarin ya juya, ba a cika faɗarsa ba. Masanan lokacin sun ɗauka estirojin narkewa yake yi a cikin ƙwayar halitta, ya zama wani abu, sannan ya yi aiki. Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya bi ta bayan gida: maimakon ya tambayi me sinadarin ke yi wa nama, sai ya tambayi me naman ke yi da shi. Ya yi wa estirojin alama da tiritiyam, sinadari mai fitar da hasken da na'ura ke ganowa, ya yi wa ƙananan ɓeraye mata allurarsa, ya bi sawu. Tsoka da ƙoda da hanta suka sake shi nan da nan. Mahaifa kuwa ta riƙe shi gam, kuma yadda ya shiga haka yake, bai sauya ba. Ashe akwai wani furotin a ciki da ke tarbarsa. Da Jensen ya kai sakamakon taron masana a Biyana ta ƙasar Ostiriya a 1958, mutum biyar ne suka zauna sauraro, uku daga ciki ma masu jiran nasu jawabin ne.

Wannan furotin mai tarba shi ne kan zancen. Estirojin na shiga ƙwayar, ya kwanta a wani ɗan aljihu na jikin mai tarbar, masu tarba biyu su haɗu su dafe kan zaren DNA, su kira mataimaka, a kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado. Cikinsu har da MYC da cyclin D1, masu ingiza ƙwaya ta rabu biyu. Tamoksifen, wanda tun farko maganin hana ɗaukar ciki aka so ya zama bai yi ba, shiga aljihun yake ya karkata siffar mai tarba, mataimakan su rasa madafa. Ƙarin da ba shi da mai tarba kuwa, babu aljihun da za a toshe. Shi ya sa tun shekarun 1970 ake gwada ƙarin kafin a rubuta magani.

A Turai da Amurka kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ciwon suna da mai tarbar a ƙarinsu. A Afirka ta Yamma an daɗe ana cewa galibin matanmu ba su da shi, sai binciken da aka yi da naman da aka adana da kyau ya nuna adadin ya fi yadda aka zata. Furotin ne mai saurin lalacewa: ƙa'ida ita ce naman gwajin ya shiga fomalin, ruwan da ke hana shi lalacewa, cikin sa'a guda da yankowa, ya jiƙa tsakanin sa'a 6 zuwa 72. A wurare da dama kuwa, dangi ake miƙa wa robar naman a leda, su nemo kuɗin gwaji tukuna, sannan su shiga motar haya zuwa babban asibiti.