Gashin burodi da gato a gida

Gashin burodi da gato a gida sana'ar girki ce da ake haɗa garin alkama da ruwa ko madara, wani lokaci da ƙwai da sukari da mai, a sa haɗin ya tashi, sannan a gasa shi da busasshen zafi a cikin rufaffen wuri. A Yamai da Tawa, inda dogon burodi irin na Faransa ya zama abincin karin kumallo tun zamanin mulkin mallaka, yawancin gidaje daga gidan burodi suke saye, amma mata da yawa suna gasa gato da biskit da kansu domin salla, suna da biki, wasu kuma domin sayarwa. Dabarun aikin iri ɗaya ne a ko'ina, sai dai yawancin ƙa'idojin da ake samu a rubuce an tsara su ne domin ƙasashe masu sanyi, saboda haka mai gashi a Sahel sai ta daidaita su da zafin garinta.

Gari da awo

Abin da ya bambanta alkama da gero da dawa shi ne wasu sinadaran gina jiki guda biyu da ke cikinta, waɗanda idan suka haɗu da ruwa aka murza su sukan zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Wannan danƙo ne yake riƙe iska a cikin kwaɓi har ya kumbura. Gero da dawa da shinkafa ba su da shi, shi ya sa masa takan yi ƙofofi amma ba ta tsayuwa kamar burodi, kuma mai son haɗa garin gero da fulawa sai ta bar fulawar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Ana noman alkama a lambunan rani na wajen Birnin Ƙonni da tsaunukan Ayar, amma mafi yawan fulawar kasuwa daga waje take zuwa. A tsarin Faransa, fulawa mai lamba T55 ita ce ta burodi, mai lamba T45 kuwa ta fi fari da laushi, ana amfani da ita a kayan zaƙi.

Awo shi ne wurin da gashi ya rabu da sauran girki. Miya tana karɓar gyara tana kan wuta, amma gato idan ya shiga wuta magana ta ƙare. Kofi ɗaya na fulawa yana iya zama giram 120 ko ya kai 150, gwargwadon yadda aka danna garin, don haka ƙaramin sikeli ya fi kofi amana. Ana tankaɗe fulawa da rariya kafin a auna, domin a fitar da ƙwari da gudaji, kuma iska ta shiga cikinta.

Abin da ke tayar da kwaɓi

Yis halitta ce mai rai wadda take cin sukarin da ke cikin gari ta fitar da iskar da ke kumbura kwaɓi. Masanin Faransa Luwi Fasto ne ya nuna a 1857 da shekarun da suka biyo baya cewa ƙananan halittu ne ke haddasa irin wannan aiki. Yis ya fi kuzari tsakanin digiri 25 zuwa 35, kuma ruwan da ya kai digiri 60 yana kashe shi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Yamai da Tawa, kwaɓin da littafi ya ce a bar shi sa'a biyu yana iya ninkawa a cikin rabin wannan lokaci, idan kuma aka bar shi ya zarce sai ya yi tsami ya faɗi a wuta. Maganin abin shi ne a kwaɓa da ruwan sanyi, a rage yis, a duba girman kwaɓin maimakon agogo: idan aka danna shi da yatsa ramin ya ciko a hankali, ya isa gashi. Da hunturu matsalar takan juya, domin busasshiyar iska tana sa saman kwaɓi ya yi ɓawo, sai an rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle.

Gato da biskit kuwa da hodar gashi ake tayar da su, wadda Alfared Bad ya fara haɗawa a Ingila a 1843. Ƙaramin ƙunshi irin na Faransa mai giram 11 an yi shi ne domin giram 500 na fulawa. Bikarbonat, wato farin garin soda na girki, shi kaɗai ba ya aiki sosai sai da abu mai tsami kamar nono ko ruwan lemun tsami, kuma idan ya yi yawa yana barin ɗanɗano mai kama da na kanwa.

Kwaɓi

Burodi yana son murza. Ga kilo ɗaya na fulawa ana sa ruwa giram 600 zuwa 700 da gishiri giram 18 zuwa 20, a murza da tafin hannu kamar minti 10 har kwaɓin ya yi santsi ya daina kama hannu. Gato akasin haka yake: da zarar fulawa ta shiga, sai a juya a hankali har farin garin ya ɓace a tsaya, domin yawan juyi yana tayar da danƙo ya sa gaton ya yi tauri.

Gaton da ya fi sauƙin koyo shi ne wanda ake auna ƙwai, sannan a sa bota da sukari da fulawa kowanne daidai nauyin ƙwan. Ƙwai huɗu ba tare da ɓawo ba sukan kai kimanin giram 200. Ana fara buga bota da sukari har su yi fari su yi kumfa, saboda ƙwayoyin sukari suna huda man su bar ƙananan gurabun iska, sannan a riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35, wato a bazara takan zama ruwa kafin a gama shirin kwano, narkakkiyar bota kuwa ba ta riƙe iska, don haka masu gwaninta sukan yi wannan aiki da asuba. Man shanun da aka soya yana da ƙamshi amma ba shi da ruwan da ke cikin bota, kuma ya fi dacewa da biskit. Kwaɓi mai ninki-ninki, irin wanda ake yin kurwasan da shi, wato burodin nan mai siffar jinjirin wata, yana buƙatar bota ta zauna da sanyi a tsakanin ninkin, kuma a gidan da ba firji ko ake yawan ɗauke wuta ɓarnar kaya ce kawai.

Wuta

Yawancin gato a digiri 180 ake gasa shi, burodi kuwa a 220 zuwa 250, kuma dole a zafafa na'urar gashi kafin kwaɓi ya shiga. Launin ja da ƙamshin ɓawo suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran gina jiki a zafin da ya haura digiri 140, abin da masanin Faransa Luwi-Kamil Mayar ya bayyana a 1912.

Gidajen da ba su da na'urar gas ko ta lantarki suna amfani da babbar tukunya mai kauri. Ana zuba wankakken yashi busasshe a gindinta, a rufe a ɗora a kan gawayi ko gas har yashin ya yi zafi, sannan a ajiye kwanon gato ko wankakkun gwangwanayen da aka shafa wa mai a kansa. Yashin yana rarraba zafi ya hana gindi ƙonewa, garwashi kaɗan a kan murfi kuma yana gasa saman. Gashi da yashi ba baƙo ba ne a Nijar, domin Buzaye sun daɗe suna binne burodinsu da ake kira tagilla a cikin yashi mai zafi da garwashi. Ba a buɗe tukunya ko na'ura a minti 20 na farko, saboda iska mai sanyi tana sa tsakiyar gato ta lotsa kafin ta kama jikinta. Idan ƙamshi ya fito sai a soka tsinke a tsakiya, idan ya fito tsaf ya gasu, a bar shi ya huce kamar minti 10 a cikin kwano kafin a kifar da shi a kan faifai ko raga.