Ma'anar "karayar tattalin arziki", da yadda ta faɗa wa Amurka a 1929

A labarai ana yawan haɗa koma-bayan tattalin arziki da karayarsa, alhali suna da bambanci. Koma-baya shi ne abin da ƙasa ke samarwa ya yi ta raguwa na kamar wata shida a jere, sannan ya farfaɗo. Karaya kuwa takan ɗauki shekaru: masana'antu su rufe, bankuna su durƙushe, aiki ya yi wuyar samu, farashi ya yi ta faɗuwa amma babu mai kuɗin saye. Misalin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na Amurka, daga 1929 zuwa 1933.

Shekarun 1920 lokacin wadata ne a biranen ƙasar. Motar Ford ta yi araha har ta koma ƙasa da dala 300, gidaje suka cika da rediyo da kayan lantarki, da yawansu an saye su ne bashi, ana biya wata-wata. Manoma dai ba su ɗanɗana wannan daɗin ba, domin tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya amfanin gona ya yi kwantai.

Bashin da ya fi haɗari shi ne na sayen hannun jari. Mutum ya kawo dala 100, dillali ya ranta masa 900, a saya masa hannun jari na dala 1,000, wanda shi ne jinginar bashin. Idan farashi ya hau da kashi 10 cikin 100, ya ninka kuɗinsa. Idan ya sauka da kashi 10, jarinsa ya ƙare ƙarƙaf, dillali ya bugo waya yana neman ciko. In babu, sai ya sayar da hannun jarin nan take. Dubban mutane na sayarwa lokaci guda, farashi ya ƙara faɗuwa, wasu dubban su shiga irin wannan halin. Haka aka yi a kasuwar New York: ranar 29 ga Oktoba 1929 kaɗai hannun jari sama da miliyan 16 suka sauya hannu. Ma'aunin Dow Jones, mai nuna hawa da saukar farashin hannun jarin manyan kamfanoni, da ya kai 381 a Satumban 1929 ya gangaro zuwa 41 a Yulin 1932.

Sai dai faɗuwar kasuwa ita kaɗai ba za ta kai ƙasar ƙasa ba, tunda yawancin Amurkawa ba su da hannun jari. A banki ne wutar ta kama kowa. Banki ba ya ajiye kuɗin jama'a duka a taska, yana ranta mafi yawansu. Da jita-jita ta ɓulla, sai layi ya miƙe tun da asuba, kowa riƙe da littafin ajiyarsa, na gaba su karɓa, na baya su tarar an garƙame ƙofa. Babu inshorar ajiya ta gwamnatin tarayya a lokacin, wato wadda za ta biya masu ajiya idan banki ya rushe. Bankuna kusan 9,000 suka rushe tsakanin 1930 da 1933, kuma babban bankin ƙasar bai zuba kuɗin da za su tsayar da abin ba, har kuɗin da ke yawo suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan sakaci, a ganina, shi ne kuskure mafi girma.

Faɗuwar farashi kuma ta zama sarƙa a wuyan mai bashi. Awon alkama mai nauyin kilo 27 ya kai kusan dala 1 a 1929, ya koma santi 38 a 1932. Manomin da ake bi dala 1,000, da awo 1,000 zai biya a da, yanzu sai ya kawo fiye da 2,600. Gona ta tafi, bankin da ya ranta masa ma ya bi ta. Dokar Smoot-Hawley ta 1930 ta ƙara kuɗin fito kan kayan waje, wasu ƙasashe suka rama, cinikin duniya ya tsuke, har farashin gyaɗa a Kano ya faɗi.

Zuwa 1933, ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ba shi da aiki. Franklin Roosevelt ya hau mulki a matsayin shugaban ƙasa ranar 4 ga Maris, bayan kwana biyu ya rufe bankuna duka na 'yan kwanaki don a tantance masu lafiya. A Janairun 1934 inshorar ajiya ta fara aiki, tana lamunce wa mai ajiya har dala 2,500. Dow Jones bai koma matakinsa na 1929 ba sai a 1954.