João

João sunan maza ne a harshen Fotugis, kuma yana cikin sunayen da aka fi raɗa wa yara a Fotugal da Barazil da Angola. Tushensa shi ne sunan Ibrananci Yohanan, wanda ke nufin "Ubangiji ya yi alheri". Daga nan ya shiga Girkanci a matsayin Ioannes, Latinanci ya mayar da shi Iohannes, sannan bakin mutanen Fotugal ya yi ta taƙaita shi har ya tsaya a João. Alamar da ke kan harafin ã tana nuna cewa ta hanci ake furta ƙarshen sunan, abin da kan ba baƙin harshen wahala.

Addinin Kirista ne ya yaɗa sunan, saboda darajar Yohanna Mai Baftisma, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Har yanzu ana bikin São João, wato bikin tunawa da shi, ranar 24 ga Yuni, kuma a birnin Porto na Fotugal tun daren 23 jama'a ke cika tituna.

Sai dai gidan sarauta ne ya ƙara wa sunan kwarjini, domin sarakunan Fotugal shida ne suka amsa shi. João na Ɗaya ya hau gadon sarauta a 1385, kuma shi ne ya ci garin Ceuta da ke arewacin Afirka da yaƙi a 1415. A zamanin João na Biyu aka gina ganuwar Elmina a gaɓar tekun ƙasar Ghana ta yau, a 1482, wurin da daga baya ya zama matattarar cinikin bayi, tarihin da bai kamata a tsallake shi ba. A 1491 kuma sarkin Kongo, Nzinga a Nkuwu, ya karɓi baftisma ya ɗauki sunan João. João na Shida na Fotugal shi ne wanda ya ƙaura da fadarsa zuwa Barazil a 1807, tun yana mai riƙon sarauta, don guje wa sojojin Napoleon.

Sau da yawa ana haɗa sunan da wani, kamar João Pedro ko João Paulo. Takwararsa ta mata ita ce Joana, amma a Fotugal mace na iya amsa Maria João, tunda sunan farko ne ke nuna jinsi. Ana kiran ƙaramin yaro Joãozinho don nuna ƙauna. Yawan masu sunan ya sa ya shiga maganar yau da kullum, inda ake kiran mutumin da ba a san da zamansa ba da joão-ninguém, wato João wanda ba kowa ba.