Shinkafar fadama: tambayoyin da manoman Kura da Auyo suka fi yi wa malaman gona

Shin dole ne shinkafa ta zauna cikin ruwa tun daga dashe har yanka?

A'a. Shinkafa tana jure kwanciyar ruwa ne, amma babban aikin ruwan shi ne danne ciyawa. A makon farko bayan dashe, ruwan santimita 2 zuwa 3 ya wadatar, wato ya ɗan rufe taɓo kawai. Idan ta kama ƙasa sai a ɗaga shi zuwa santimita 5, in ya yi yawa 10. Ruwa mai zurfi a farko yana hana ta haihuwa: za ka ga ta yi tsawo siririya, gindi ɗaya bai wuce 'ya'ya huɗu ko biyar ba. Lokacin da ba ta yafe ƙishi shi ne daga yin ciki zuwa fure. Fangalin da ya bushe a wannan tsakani zai ba ka kai mai kyan gani, amma ƙaiƙayi ne a ciki.

To me ya sa gefe ɗaya na fangali yake yin kyau, ɗayan kuma ciyawa ta cinye?

Ba a daidaita ƙasar ba, kuma nan yawancin asarar take. Inda ya yi tudu ruwa ba ya rufewa, ciyawa ta samu wuri. Inda ya yi kwari dashen ya nutse. Bayan haro, a sako ruwa kaɗan a caɓa ƙasar, ruwan da kansa zai nuna maka tudu. A ja faffaɗan katako daga tudun zuwa kwarin. A ɗaga kunyar gefe ta kai kamar santimita 30, a dandanne ta da ƙafa, a toshe ramukan ɓeraye. Gara ƙananan fangula masu yawa da ƙato ɗaya wanda ba ka iya mallakar ruwansa, musamman ga mai sayen fetur yana zuba wa inji.

Wane iri, kuma nawa?

FARO 44, wadda manoma ke kira Sipi, ita ta fi yaɗuwa a Kadawa da kwarin Haɗeja, tana nuna cikin kusan wata huɗu. Inda ambaliya ke yawan shafa, a nemi FARO 66 ko 67, waɗanda kan iya farfaɗowa bayan sun nutse na kusan mako biyu. Kilo 25 zuwa 30 ya isa hekta ɗaya idan dashe za a yi. A zuba irin a ruwa, a kwashe wanda ya taso, a jiƙa sauran awa 24, sannan a rufe shi a jiƙaƙƙen buhu kwana ɗaya ko biyu har ya tsaga baki kafin a watsa a gadon reno.

Yaushe ake cirewa a dasa?

Kwana 14 zuwa 21 bayan watsa irin a gadon reno. Dashen da ya haura wata ba ya haihuwa sosai. Tazarar santimita 20 kowane gefe, biyu ko uku a rami, kada a cusa da zurfi. Masu dashen kwangila sukan danna biyar ko shida don su gama da wuri, saboda haka a tsaya a kansu.

A noman rani kuwa a kula da sanyi. Renon da aka zuba a Disamba yakan tsaya cak ya yi rawaya, shi ya sa da yawa ke jira sai ƙarshen Janairu ko Fabrairu.

Na zuba taki amma ban ga alamarsa ba. Me ya faru?

Mai yiwuwa a cikin ruwa mai gudu aka watsa, maƙwabcin da ruwan ke gangarawa gonarsa ya amfana. Ga hekta, buhu 6 na kamfa 15:15:15 lokacin dashe, sai buhu 3 na yuriya a raba biyu: rabi mako uku bayan dashe, rabi kuma dab da ɗaukar ciki, wajen mako shida zuwa bakwai. A cire ciyawa tukuna, a rage ruwa ya rage taɓo, a toshe mafita, a watsa, a maido ruwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Yuriya da ta yi yawa a ƙarshe tana kayar da shinkafa ƙasa.

Idan kuma ka ga farin gishiri a bakin kunya, ƙarin taki ba zai magance ba. Magudanar fita ce ta toshe, galibi da ciyawar kacala, sai an yashe ta ruwa ya wanke ƙasar.

Yaushe ake janye ruwa?

Kwana 10 zuwa 14 kafin yanka. A yanka idan kashi 80 cikin 100 na ƙwayar ta yi ruwan zinare. Jinkiri yana sa ta zube, ga tsuntsun jan baki yana jira. A shanya a kan tamfol, ba a kan kwalta ba, har ƙwayar ta riƙa karyewa ƙas a haƙori.

Mai yini cikin ruwan kwance ya sa dogon takalmin roba saboda tsargiya, yaran da ke korar tsuntsu ma haka.